Rasuwar Kwamfutar da Ke Riƙe da Muryar Auta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, Inna, mahaifiyar marigayi Auta tela, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta cewa mai gyaran kwamfuta na ƙarƙashin bene, wannan da ba ya ɗaga kai in ana gaishe shi, ya kashe mata kwamfuta. Shi ya kashe ta. Ba wuta ba ce, ba ruwa ba ne, ba tsufa ba ne.

Marigayiyar baƙa ce, mai tsaga a kusurwar hagu, mai haƙuri da zaman caji. Auta ya saye ta wai don zanen ɗinki, amma ƙwallo ta fi bugawa. In ya rufe shago sai ya kawar da almakashi, ya ɗora ta kan teburin yanka, ya hau wasa. Tana da wata baiwa da ta zo duniya da ita, ba sa mata aka yi ba. In aka danna maɓalli biyu tare, sai wani jan ɗigo ya fito a saman fuskarta, ta shiga ɗaukar wasan gaba ɗaya, har da muryar mai wasan. Auta yana ɗauka ne don ya tsokani abokansa da cin da ya yi musu. Bai san wa yake tara wa ba.

Bayan Allah ya karɓi abinsa, matarsa ce ta nuna wa Inna inda ake dannawa. Inna ba ta san ƙwallo ba, ba ta san ko jajayen ne nasa ko fararen ba. Kunne kawai take kasawa. Marigayiyar takan fara da huci, fuuu, kamar mai hawa tudu, sai usur, sai ihu: "Ga ta nan a raga! Wa ya isa?" Akwai guda da ake jin ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa tana faɗa abinci ya huce, shi kuma yana dariya: "Inna, yanzu-yanzun nan." Wannan ta fi kunnawa.

Jinyar gajeriya ce. Jikinta ya riƙa zafi, maɓallanta suka yi danƙo saboda hannun mai girki. Inna ta naɗe ta a zane, ta kai wa mutumin nan, ta ce ya goge mata ita tas. Gogewa dai, yadda ake goge tebur, yadda ake goge wa yaro majina. Ashe a sana'arsu wai gogewa ita ce kwashe duk abin da ke ciki. Bakinsa ciwo yake yi da ba zai tambaya ba? Ya goge har rai. Ya miƙo ta yana murmushi, wai ta koma sabuwa fil. Danƙon kuwa yana nan kan maɓallan yadda aka kai shi.

Kada wani ya zo ya ce ai tana kamawa. Tana buɗe ido, fuska shuɗiya, ba ta san kowa a gidan ba. Inna ta wanke gawa ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta san gawa in ta gani.

Marigayiyar ta rasu ta bar caja mai ɗaure da tsumma, da hannun wasa mai shatin babban yatsan Auta, da matarsa, da jaririyarsa da ake jira ta yi wayo a kunna mata.

Za a ɗauko gawar daga ɗakin Inna da hantsi, lokacin da shagon mai gyaran ya fi cika, a kwantar da ita kan teburinsa. Inna za ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, masu ta'aziyya su same ta can. Duk wanda ya kawo gyara, sai ya ga gawar kafin ya shiga. Ba a karɓar "a yi haƙuri", ba a karɓar sabuwa, kada kuma a turo wani dattijo.

An ce abin da aka goge yakan maƙale a can ƙasan ciki. To, mai gyaran ya tona. In ya fito da muryar, Inna ta naɗe tabarmarta. In bai fito da ita ba, babu binnewa sai ya fito bakin ƙofa, ya durƙusa gaban jaririyar nan, ya gaya mata da bakinsa inda ya kai muryar ubanta.