Kwamfutar Da Ba Ta San Kara Ba

Jiya da hannuna na kwashe allurar ciwon sukarin mahaifiyata daga firiji na zuba a shara. Zafi ya lalata ta. Wayar wutar layinmu ce ta tsinke, har yau tana nan tana lilo a jikin turke.

Kada wanda ya zargi ofishin wuta, wa ya isa? Shugabansu, Ranka-ya-daɗe Sarkin Haskaka Talakawa, ya sayo musu kwamfuta mai ƙwaƙwalwa takwas, aka yi biki, aka sha tafi. Ita ke raba wa masu gyara aiki. Takwas ɗin suna lissafi lokaci guda, aikin da wa'adinsa ya fi matsowa shi ake fara turawa. A baki dai, adalci ya sauka.

Ranar da na kai kuka, yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Baba, zuwa yaushe kake so a gyara?"

Ni da aka yi wa tarbiyya na ce, "Duk sanda kuka samu sarari, 'yata."

Ta danna. Ashe abin da ta shigar shi ne: babu wa'adi.

Da na ba shi labari, maƙwabcina mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, kwamfuta surukarka ce da za ka yi mata kara? Manya direba suke aikowa, kowane aikinsu wa'adinsa yanzu-yanzu. Wannan fitilar lambu, wancan injin tafkin wanka. Takwas ɗin duk suna can suna hidima."

Na ce to a ƙara mata ƙwaƙwalwa mana. Ya ce, "Su kuma su ƙaro fitilu."

Na koma ofis raina a ɓace, na ce a mayar da nawa yanzu-yanzu. Aka ce wannan maɓallin sai da izinin Ranka-ya-daɗe, shi kuma yana taro. Kunyar mara kunya asara ce, na yarda.

Yau da safe rediyon mai walda ya ce an ba Ranka-ya-daɗe lambar yabo, wai babu aiki ko ɗaya da ya wuce wa'adinsa. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da ba shi da wa'adi ta ina zai makara?

Inna tana fifita, jikinta duk ya saki, ta ce, "Sun ce yaushe?"

Na ce, "Sanda suka samu sarari."

Ta ce, "To, kada ka takura musu, Allah Ya ba su sarari."

Kun ga inda na gado abin.