Rasuwar Mai Farar Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda ba a saba ganinsa a fuskar dillali ba, ni Bobboyi mai sayar da motoci a Gwadabawa, Jimeta, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar koriyar jif ɗina, wadda gari ya sani da Mai Farar Ƙofa. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Chukwuka, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ba 'yar nan ba ce. Ta shigo Jimeta shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka ci Michika, da mutane har kan rufinta. Ba a jima ba mai ita, Malam Hosea, malamin firamare, ya kawo min ita, don iyali ba sa cin ƙarfe. Muka shirya, sai ya kafa sharaɗi: kada a canja mata fenti, kada a sayar da ita wani gari, kuma a riƙa ajiye ta bakin titi. Na ce wannan ai akuya ce za a sayar min ta dawo tana cin danga.

Sannan ya faɗa min dalili. A hanyar gudu, kusa da wata gada, harbi ya tashi, kowa ya faɗa daji. Da aka dawo aka cika mota aka arce, sai da aka yi nisa aka ga babu 'yarsa Rebeka, 'yar shekara tara. Ba ta san Yola ba, ba ta haddace lambar kowa ba. Abin da ta sani shi ne motar babanta: koriya, mai farar ƙofa ɗaya a baya. Tun daga ranar nan, dariya ta ƙare min.

Muna shaida marigayiyar ta yi haƙuri. Ta sha rana da ruwa a gaban shagona fiye da shekara goma, ba rumfa. Masu saye sun zo, har da wani Alhaji daga Gombe da ya taya ta da kyau, na rantse masa injin ya lalace alhali lafiyarta lau. Ni da ke sayar da mota kafin ta huce, ita ta gagare ni.

Tana da halinta. In muka iso shataletalen Mubi da ke nan Jimeta, sitiyari sai ya riƙa jan hannuna zuwa arewa, hanyar Michika. Farar ƙofar kuma, ko a kan kwalta mai santsi, tana cewa ƙwas, ƙwas, ƙwas, can ƙasa-ƙasa, daidai inda hannun yarinya zai kai. Chukwuka ya canja makulli, ya canja roba, daga baya ya ce shi dai ba ruwansa da ƙofar nan. Wallahi ina tsoronta, kuma ban taɓa iya waiwayawa ba in ta fara.

Ciwon ajali ya soma da tari da baƙin hayaƙi, sai shan mai, sai injin ya buga. Kalmarta ta ƙarshe ita ce ƙir-ƙir-ƙir, sannan shiru.

Ta rasu ta bar ni, da Adda Zuhra yayata da ta daɗe tana cewa na haukace, da safaya ɗaya da ba ta da iska. Ta kuma bar Malam Hosea, wanda ke tahowa daga Sangere kowace Lahadi bayan coci, ya zauna gefenta yana duban fuskar duk macen da ta wuce.

'Yan gwangwan da suka riga suka fara zagaye da guduma, su yi haƙuri, gawar nan ba tasu ba ce. Ba za a binne ta ba. Ranar Asabar bayan la'asar za mu tura ta daga gareji zuwa bakin hanyar Mubi, mu ɗora ta kan bulo inda duk mai shigowa gari zai gan ta. Malam Hosea ya roƙa a bar shi ya riƙe sitiyari.

Duk mai ƙarfi ya zo ya taya turi. Amma ina roƙo don Allah, kada wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Shi bai yi rashi ba tukuna, jira yake yi.