Ranar da Na Riga Gwamnati Canjin Kuɗi

Ana saura 'yan makonni a daina fam da sule, surukina ya bar mini jiran shagonsa a Kawo, zai je jana'iza. Na hau kujerarsa na miƙe ƙafa. Kullum ina manne da rediyo ana bayanin naira, na haddace cewa sule kwabo goma ne. Ban tsaya na ji cewa sai sabon kwabo ya fito ba.

Wata tsohuwa ta zo sayen kananzir, kwalba sule ɗaya, ta ƙirgo kwabo sha biyu yadda aka saba. Na mayar mata da biyu, har da nasiha: "Iya, ki riƙa sauraron labarai."

Ta dube ni, ta yi godiya. Kafin la'asar layi ya kai bakin titi, ina ta mamakin farin jinina.

Da surukina ya dawo, ya leƙa garwar kananzir, ya leƙa gwangwanin kuɗi, ya ce a hankali, "Malam, gwamnati ma sai sabuwar shekara. Ka riga ta."

Har yau in na je gaisuwa, ƙannen matata kan tare ni tun daga zaure: "Yaya, yau nawa ka tsayar mana da sule?"