Yadda Za Ka Zaɓa wa Maƙwabcinka Linuks

Wani dare aka ji kiɗan ganga daga shagon buga takardu na bakin tashar Azare, ba biki ba suna. Da safe na bincika. Ashe kwamfuta ce aka sa wa sabon hankali mai suna Linuks, na kyauta, in ta farka sai ta yi kiɗa. Tun ranar na zama gwani. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai ma za a riƙa tashi ana ba ka tabarma.

1. Ari kwamfutar wani
Kada ka koya da taka. Ni ta maƙwabcina Alhaji Bappayo na samu. Hotunansa na Arfa suna ciki, su kaɗai ke rufe bakin masu cewa a Jidda ya tsaya sayen agogo. In ya ce, "Malam, taɓa komai ban da su," ka ce, "Haba Alhaji!"

2. San halin 'yan gidan
Uba ɗaya ne, hali daban-daban. Ubuntu shi ne mai gangar, ta gidan waya yake zuwa, yana riƙe hannun sabon shiga. Debiyan dattijo ne, faya-fayansa sun fi goma, ba ya sauri, ba ya faɗuwa. Jentu ba ya ba da tuwo, zangarniya zai miƙo maka ya ce ka sussuka. Nofiks kuwa daga cikin faifai yake aiki, ya tafi bai taɓa kayan kowa ba.

3. Guji Nofiks
Aikin da bai bar alama ba, wa zai gode maka? Ɗauki mai ganga.

4. Karrama baƙo
Zai tambaye ka da Turanci: a ba shi lungu, ko ya share gidan duka ya zauna? Mutumin Katagum ba ya yi wa baƙo rowar ɗaki. Ba shi duka.

5. Kada ka yar da sauran faya-fayan
Rataya su a gonar gero. Walƙiyarsu na korar tsuntsaye. A nan Debiyan ya fi kowa.

Gargaɗi: ni hanya kawai na nuna, abin da ya biyo baya tsakaninka da maƙwabcinka ne. Nawa dai jiya ya taro 'yan majalisarsu kaf su zo su gani da idonsu. Aka kunna, allo fes kamar sabon faranti. Ya leƙa, ya goge tabarau, ya sake leƙawa.

"Malam, wai ina baƙon naka ya kai min Arfa?"