Rasuwar Birger, Wanda Bai Taɓa Sanar da Mutuwar Kowa ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take tafasa duk sa'ad da na tuna, ni Gunvor Aune, a madadin ofishin kai wa tsofaffi abinci na wannan gunduma, nake sanar da rasuwar Birger, ƙaramar kwamfutar nan da ta tsufa a ƙarƙashin teburina, kusa da injin kofi.

Marigayin ma'aikaci ne mai tattali. Direbobinmu suna yini a kwazazzabai inda waya ba ta samun sabis, saboda haka kowace safiya, kafin su ɗauki kifi da dankali su fita, shi yake gaya wa wayoyinsu abin da ya canza. Ba ya juye musu sunayen gunduma gaba ɗaya. Duk sunan da aka taɓa yana ɗauke da lokacin da aka taɓa shi, sai Birger ya tsinci waɗanda suka canza bayan zuwan wayar na ƙarshe, ya miƙa, ya ce "ƙit-ƙit-ƙirrr", ya yi shiru. Wane ya daina cin gishiri, wance ta koma gidan 'yarta. Na so shi ƙwarai, har ƙura nake share masa da hannun rigata.

Ashe da ciwo a cikinsa tun haihuwa. Idan tsoho ya mutu, mukan goge sunansa. Sunan da aka goge kuwa ba ya nan, balle a ce ga lokacin da ya canza. Sai Birger ya duba, ya ga babu, ya ce "ƙit", wato lafiya lau. A wayoyin direbobi matattu suna nan da ransu, suna jiran abincin rana. Tsofaffin direbobi sun san jama'a, sukan wuce gidan mamacin kawai ba su sanar da ofis ba, shi ya sa ɓarnar ta daɗe a rufe.

Da bazara kowa ya tafi hutu, aka kawo 'yan riƙon ƙwarya. Kusan kullum sabuwar fuska ke ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa, Ragnhild, da kwano biyu da fara'a, ana tambayar yaya mijinta Torleif ya kwana. Torleif kuwa tun lokacin sanyi aka binne shi. Baiwar Allah ba ta kai ƙara ba, ba ta son ta dami kowa. Karɓa take yi ta yi godiya, ta ajiye kwanonsa a wurin zamansa har ya huce. Sai ranar da wani direba, Sindre, ya nace sai ya gaisa da maigidan, ta ce masa, "Ɗan nan, in ka gan shi ka ce ya dawo, ni ma nemansa nake yi."

Sindre ya shigo ofis idonsa jawur, ya ce da ni, "Gunvor, wannan akwatin naki aika ni ya yi in gaida kabari!" Tir da wannan aiki. Tun ranar ban sake share wa Birger ƙura ba, kuma da hannuna na zare masa wuta. Ko a nan bai nuna nadama ba, "fiuuu" kawai ya ce.

Marigayin ya bar wayoyi da dama cike da matattu, da igiyar wuta guda, da magaji, wato sabuwar kwamfuta, a sabon ɗaki. Magajin ba ya goge kowa. Alama yake sa wa sunan cewa mai shi ya rasu, ita ma rasuwar ta zama canji, ta isa kowace waya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a wurin tara tsofaffin kayan lantarki, bayan an huda cikinsa da ƙusa don kada bayanan jama'a su fita. Akwai kofi. Kada a kawo furanni, mai niyya ya kai wa Ragnhild, ya zauna ya ci abinci tare da ita. Sunan Birger ba za mu goge shi daga jerin kayan ofis ba. Za mu rubuta "ya rasu" a gefensa, mu sanar da kowa, alfarmar da shi bai yi wa Torleif ba.