Layin da Ya Ƙi Motsi

A majalisarmu ta Kazaure ni ne gwanin wasan lambobi na sudoku a waya, musamman mai layuka, wanda dole lambobin kowane layi su ba da jimla ɗaya. Ran nan wani layi ya ƙi fita. Na gyara zaman tabarau, na sanar cewa wanda ya tsara wasan bai iya lissafi ba, har da bayani dalla-dalla.

Alhaji Sabo, dattijonmu, ya karɓi wayar ya ja hoton da yatsa. Komai ya matsa, layin yana nan daram.

"Malam, ai gilashin wayarka ne ya tsage."

Har yau, in katangar wani ta tsage da damina, ni ake aiko wa in zo in faɗi jimlarta.