Rasuwar Akwatin Gilashin Malam Abdulwahid

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da aka ƙaddara, Malam Abdulwahid Disfensa na garin Haɗeja yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abin ƙaunarsa, Akwatin Gilashi, gidan kifayensa, wanda ya cika ranar Laraba da sassafe a zauren gida, sanadiyyar wata jinya da ba tasa ba.

An haifi marigayin a ƙasar Ingila. Ya iso ƙasar nan bayan yaƙin Bama cikin kayan wani Baturen likita. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Malam Madori, daga nan aka ɗauko shi a ka har Haɗeja, naɗe da bargo, don jaki ba abin ba wa amanar gilashi ba ne. Da Baturen ya tashi komawa gida, sai ya bar wa Malam shi. Malam ya ce kyautar girmamawa ce. Kukun Baturen ya ce nauyi ne ya hana a tafi da shi. Allah ne Masani.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaida cikinsa da wajensa ɗaya ne. Bai iya ɓoye komai ba, bai taɓa rufa wa kifi asiri ba. Garin nan kifi ba baƙo ba ne, ana bandarsa tuli-tuli ana kai wa Kano, amma masunta a cikin koma suka san shi, mata kuma a cikin tukunya. Sai da marigayi ya zo sannan dattawan da suka yi furfura a kan kwalekwale suka durƙusa a zauren Malam, suka ga karfasa ido da ido tana hamma. Ba shi da ci, ba shi da ƙorafi. Bukatarsa a sauya masa ruwa, a hura masa iska da famfon keke, shi kuwa ya amsa da "ɓul-ɓul-ɓul" cikin natsuwa. In Malam ya ƙwanƙwasa shi da zobe da safe, sai ya ce "ƙil", gaisuwarsa ke nan, bai taɓa ƙarawa ba.

Ba za a manta da alherin da ya yi wa maigidansa ba. Wata shekara da sanyi ya shigo, karfasa suka wayi gari da fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa musu gishiri. Suka dinga goga jiki da duwatsu, suka naɗe fukafukai, suka taru a saman ruwa suna haki. Marigayi ya nuna komai ƙarara. Malam ya duba, ya ce wasu ƙananan ƙwari ne suka kafe a fata, ya zuba gishiri kaɗan, ya riƙa ɗumama ruwan a hankali, kifaye suka warke sumul. Wani karon ma da hantsaki ya cire wa ɗaya wata kwarkwata mai faɗi daga gindin wutsiya, jama'a na kallo. Nan da nan labari ya kai Kafin Hausa, ya kai Birniwa, cewa akwai disfensan da yake warkar da kifi. Mutanen da a da ko da igiya ba a iya jan su wurin allura suka fara zuwa da ƙafarsu, suna cewa wanda ya gane ciwon da mai shi ba ya magana, ai nasu mai sauƙi ne. Sunan Malam a cikin gilashin nan ya girma, kuma Malam ya san haka.

Ajali ya shigo gidan a cikin ƙwarya. Gambo masunci ne ya kawo wa Malam wani ɗan kurungu mai dogon gashin baki, kyauta. Kashegari aka tarar da baƙon rigingine, ciki a sama, yana yawo a ƙarƙashin ganyen bado. Malam ya san kifin da ya juya ciki sama ya gama sallama da duniya. Ya duba fata, babu ɗigo. Ya duba ido, garau. Ci kuwa yana ci, amma Malam ya ce ya sha ganin majinyata masu tashi da malmala biyu. Ya aika aka kira Gambo, Gambo ya ce shi a cikin koma yake gamuwa da kurungu, can kuwa kowa yadda ya faɗi haka yake kwana.

Sai aka shiga magani. Malam ya ce kumburin ciki ne, aka hana majinyaci abinci. Ya ce tsutsa ce, aka zuba gishiri. Aka kawo maganin nan mai rina ruwa da ake wanke gyambo da shi, har sai da uwargida Saude ta kwashe karfasa ta zuba a kwatarniyarta don kada su tafi a banza. Aka jiƙa kwinin. Kurungu ya shanye duk wannan, ya ci gaba da yawonsa rigingine. Magana ta fara zagawa a kasuwa cewa Disfensa ya gamu da gamonsa. Wani tsoho mai gyambo da aka kusa warkarwa ya koma wurin wanzami. Malam ya daina cin abinci sosai, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Gaskiya ya ba mu tausayi.

Ranar Laraba ya yanke shawara. Ya ce cutar a jikin gilashi take ɓoye, kuma in ruwan ɗumi ya yi magani a da, tafasasshe zai fi. Saude ta ce a bari rana ta ɗaga, ai gilashin ya kwana cikin sanyi. Malam ya tambaye ta a wace makaranta ta karanta aikin asibiti. Ya kwashe kurungu a ƙwarya, ya ɗauko tukunya daga kan murhu, ya juye. Marigayi ya ce "tas!" Ya ja wata doguwar "ƙiii" daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ya saki abin da ke cikinsa a kan tabarma. Bai sake cewa komai ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Da yamma Malam ya ɗauki ƙwaryar zuwa fadama, wurin wani tafki da ambaliya ta bari, don majinyaci ya cika a cikin danginsa. Ruwan ya kwanta garau. Ya tuntsurar da ƙwaryar, kurungu ya kama hanya rigingine, ya nufi gindin bado. Can ya tarar da 'yan'uwansa, manya da ƙanana, kowanne ciki a sama, suna kiwo a bayan ganye hankali kwance. Haka Allah Ya yi su. Malam ya daɗe a tsaye. Gambo, da ke gyaran koma a gefe, ya leƙo ya gani, ya yi dariya har ya zauna a cikin taɓo.

Marigayi ya bar karfasa a kwatarniya, waɗanda yanzu ba mai ganin lafiyarsu balle ciwonsu. Ya bar famfo, wanda ya koma wurin keke, da duwatsu 'yan kaɗan, da ƙarfen da ya riƙe shi, wanda kazar Saude ta riga ta gada tana ƙwai a ciki. Ya bar kurungu, wanda har yanzu bai aiko da gaisuwa ba.

Liman ya ce babu salla, kuma kada a sake tambayarsa. Za a binne gutsattsarin ranar Juma'a bayan la'asar a bayan gida, rami mai zurfi saboda ƙafar yara, masu rakiya su zo da takalmi. Za a karɓi gaisuwa a zaure. Ana roƙon jama'a kada a kawo kifi, ɗanye ko banda, ana kuma roƙon Gambo ya bar ba da labarin a kasuwa, kowa ya ji. Wanda ya shigo ya tarar da Malam kwance rigingine a kan tabarma yana kallon rufi, don Allah ya yi gaisuwarsa ya fita, kada ya nemo masa magani. Lafiyarsa ƙalau.